Yaya Inuwa da Ragowar Faranti

Yayana Inuwa mutum ne da ba ya iya ganin an rage abinci a faranti. Ba haɗama ba ce, duk wanda ya zauna da shi zai faɗa maka haka. In ka zo masa da yunwa zai miƙa maka nasa, shi ya wuni da ruwa. Amma ya ga wani ya ci rabi ya ture saura, sai fuskarsa ta ɓaci kamar an zagi wani nasa. Zai jawo farantin gabansa, ya yi bisimilla, ya share shi tas, ko da kuwa bai daɗe da ƙoshi ba. Wannan hali ne ya kusa raba shi da ƙafarsa ta hagu.

Halin yana da asali. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kunchi. Shekarar da aka yi babban fari, Inuwa yana da shekara goma sha biyu, ni kuma Sagiru ina goye, ban san komai ba sai abin da aka ba ni labari. Ya ce dusa suke jiƙawa su sha. Akwai 'yar'uwarmu Binta, wadda ke tsakanina da shi, da ba ta ga damina ta gaba ba. Bayan rasuwarta ne babanmu, Malam Lawan, ya tattara mu ya taho Kano, Allah Ya haɗa shi da aikin kuku a gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Bala, a Nassarawa GRA. Daga gidan da ake kankare gindin tukunya da farce, muka faɗo gidan da ake cin cokali uku a tashi. Baba bai taɓa sabawa da ganin haka ba. Shekara ashirin yana dafawa, shekara ashirin yana cinye abin da masu gida suka rage. Ciwon sukari ya kama shi, ya yi shekaru yana cinsa a hankali, jinyar ce ma ta fitar da ni daga makaranta na hau acaɓa. Daga ƙarshe aka yanke masa ƙafa. Bayan wata huɗu ya rasu.

Inuwa ya gaji kicin ɗin. Ya gaji wuƙaƙen Baba da ludayinsa, ya kuma gaji halin.

In ka yi masa magana, hujjarsa a shirye take. Zubar da abinci almubazzaranci ne, ba zai ɗauki wannan zunubi ba. Ba wa wani abin da cokalin wani ya riga ya shiga kuma wulaƙanci ne, shi ba zai yi wa ɗan mutane haka ba. "To in ba za a kai shara ba, ba za a ba kowa ba, ina kake so a kai shi?" Haka yake tambayata.

A gidan kuma akwai al'ada tun zamanin Baba. A kicin ake zuba wa kowane baƙo nasa, kuma girman baƙo shi ne tudun farantinsa. Inuwa yana alfahari da wannan. Yakan tara shinkafa har ta yi tsini, ya jingina mata cinyar kaza biyu, ya zagaye ta da soyayyen dankali, sannan ya ja baya ya kalle ta kamar magini yana kallon ginin da ya gama.

Farkon shekarar dubu biyu da bakwai Alhaji Bala ya fito takarar majalisar jiha. Layinmu da ba ka jin komai a cikinsa sai kukan kurciya a kan darbejiya, sai ga shi ya cika da motoci masu fosta. Tun hantsi ake zuwa, yau mutanen Hotoro, gobe na Gawuna, jibi na Tudun Murtala. Manya su shiga falo, direbobi da 'yan rakiya su zauna a bakin get suna hamma. A lokacin an hana mu ɗaukar mata a babur, aiki ya ragu, don haka kusan kullum da rana nakan leƙa gidan. Da idona na ga abin da ke faruwa. Faranti talatin za su fita, ashirin su dawo da fiye da rabi. Inuwa yana tsaye a bakin wurin wanke-wanke yana ci. Ragowar lemon kwalba ma ba ya bari, yakan juye su duka a jug ɗaya, mai ja da mai baƙi da mai ruwan ɗorawa, ya riƙa kurɓa har yamma.

Ya fara yawan jin ƙishirwa. Ya fara zagayawa sau biyar kafin azahar. Na yi masa magana ya ce zafin murhu ne.

Wata Talata na same shi zaune a dakalin ƙofar kicin yana fere albasa, ƙudaje sun taru a bayan ƙafarsa ta hagu.

"Yaya, me ya same ka a ƙafa?"

"Ina?"

Ya sunkuya ya duba. Fatar ta saluɓe, faɗin wurin ya kai tafin hannun jariri. Ya yi dariya.

"Au, mai ne ya fallatsa mini shekaranjiya. Wallahi ko ji ban yi ba. Ka ga fatar ƙauye."

Ya shafa man shanu ya ɗaure da tsumma. Bayan sati biyu na shiga ɗakinsa da ke bayan gidan, sai wani wari ya tare ni a bakin ƙofa. Na san warin. Wata da watanni na kwana a cikinsa a ɗakin Baba. Ban yi masa gardama ba, ban roƙe shi ba, hannunsa kawai na kama na ja shi zuwa maƙwabta.

Gidan da ke jikin namu na Madam Beatrice ne, tsohuwar nas ce 'yar Wusasa. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, da yawa daga 'yan'uwanta sun kwashe kaya sun koma Zariya, ita ta ce babu inda za ta, rabin yaran layin nan ita ta tsira musu allura. Kowa Mama yake ce mata. Mun same ta a baranda tana tsince wake.

"Kai Bakano, me ka zo sayarwa?"

"Mama, ba zuwa na yi ba, kawo ni aka yi."

"Na sani. Ku ai ba ku zuwa inda babu riba."

"Ku kuma Zazzagawa ba ku ba da magani sai kun haɗa da faɗa."

Tana dariya ta sa ya kwance tsumman. Dariyar ta tsaya. Ta shiga ciki ta ɗauko wata 'yar na'ura, ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin, ta jira. Da lambar ta fito sai ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Inuwa, ni na riƙa wanke wa babanka ƙafa kafin a kai shi asibiti. Ka tuna?"

"Na tuna, Mama."

"To ba zan yi maka ƙarya ba. Hanyarsa ka hau."

Washegari muka je asibiti. Likita ya duba, ya latsa gefen ciwon, ya tambaye shi ko yana jin zafi, ya ce a'a. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa wanke ciwon kullum, ya jero abubuwan da zai bari da waɗanda zai riƙa ci. Sannan ya ce mu dawo bayan sati shida. In ciwon ya kama hanyar warkewa, shi ke nan. In kuwa ya ci gaba da ci, za a yanke daga idon sawu tun kafin ya hau sama.

Yayana mutum ne da in ya kama abu yakan kama shi da ƙarfin tsiya. Muna fita ya rantse cewa daga yau ya daina. Washegari ya tashi da azumi. Jibi ma haka, gata ma haka, cikin zafin watan Maris, a gaban tukwane huɗu. Faranti za su dawo ko kallon cokali ba ya yi. Baba maigadi, wani tsoho da ke kiwon agwagi a bayan gidan, ya fara ce masa Ustazu. Ni ma na ji daɗi, na ɗauka an gama.

Kwana goma bayan haka Mama ta sake huda masa yatsa. Lambar ta fi ta farko. Gefen ciwon ya fara yin duhu. Ta bar shi ya tafi, ta tsayar da ni.

"Sagiru, da me yake buɗe baki?"

Na ce ban sani ba, don da magariba ina kan titi.

"To yau kada ka fita."

Bayan an idar da sallar magariba na bi shi ɗaki. A gefen katifarsa akwai wata ƙatuwar kula, irin wadda ake kai abinci gidan biki da ita. Na buɗe. Ragowar wuni guda ce a ciki, ta safe a ƙasa, ta rana a tsakiya, ta la'asar a sama. Soyayyar doya, shinkafa, taliya, guntayen nama. A gefe ga jug ɗin lemo. Ashe duk abin da ya dawo daga falo nan yake juyewa ya rufe, ya jira kiran salla. Bai zubar ba, bai wulaƙanta kowa ba, ga kuma ladan azumi. A ganinsa ya samo dabara.

Na mayar da murfin na ɗora hannuna a kai.

"Ɗauke hannunka," in ji shi. "Tun asuba ban sa komai a bakina ba."

"Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba."

"Ka gaya mini in na ci."

"Ranar da aka yi wa Baba aiki, kai kana nan, Alhaji ya yi baƙi, ba ka samu zuwa ba sai yamma. Ni kaɗai ne a bakin ɗakin. Da aka gama, wani ma'aikaci ya fito ya miƙo mini abu a naɗe cikin farin yadi, ya ce in je in binne, ai jikin musulmi ne. Na karɓa. Yaya, ba ta da nauyi. Ƙafar da ta tako da mu daga Kunchi, ba ta kai nauyin tulu ba. Da na isa maƙabarta mai haƙa ya tashi ya ce, Allah Ya jiƙan rai, jariri ne? Na ce a'a, ƙafar babana ce. Shi ya haƙa, ni na sa ta, ni na mayar da ƙasa. Na koma asibiti Baba ya farfaɗo yana cewa in sosa masa yatsunsa suna ƙaiƙayi."

Na ƙara danne murfin, na ci gaba.

"Ba zan sake karɓar irin wannan yadin ba. In ka ci abin nan, ka nemi wanda zai raka ka."

Ya daɗe yana kallon kular. Can ya sa tafin hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da nake ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar jana'iza.

"To ya zan yi, Sagiru? Kai ba ka san ta ba. In na ɗaga faranti zan juye a shara, Binta nake gani. Tana zaune a bakin murhu tana lasar ludayi, babu komai a jikinsa."

Da safe muka je wankin ciwo, na kwashe komai na gaya wa Mama a gabansa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da naɗa bandeji, har ta gama ta ɗaure.

"Laifina ne," in ji ta. "Na ce maka ka daina, alhali kai ba a gina ka don ka iya kallon abinci a shara ba. Ko shekara za a yi ana faɗa ba za ka iya ba. Bari in tambaye ka. Wa ke cika farantan nan?"

"Ni ne."

"Wa ya ce maka mutumin da ya ci a gida uku kafin ya zo naku zai iya cinye wannan dutsen?"

"Mama, haka ake yi. Girmamawa ce."

"Kai kake haifar ragowar da hannunka, sannan ka zauna kana tausayinta. Ka daina zuba wa kowa. Ka jera abincin a manyan kwanuka da ludayi, kowa ya ɗebi daidai cikinsa. Abin da ya saura a kwano bakin wa ya taɓa?"

"Babu."

"Za a iya ba ɗan mutane?"

"Za a iya."

"Ga su can a bakin get ɗinku tun safe, hammarsu har nan nake jiyowa. Sannan azumin nan ka ajiye shi, mai shan irin maganinka ba ya wuni haka, za ka faɗi a kan tukunya."

Inuwa ya ce ai ba shi ke da gida ba. Sauya yadda ake karɓar baƙi sai da izinin Alhaji, ga zaɓe saura sati biyar. Shi kuwa mutum ne mai nauyin baki, tun da ya fara aiki a gidan bai taɓa buɗe baki ya nemi wani abu ba, ko hutun salla sai in an ba shi. Mama ta ce in yana so ita za ta je. Ya ce a'a, ƙafarsa ce, shi zai je.

Kwana biyu yana kai wa bakin falo yana dawowa. A na uku, da hantsi kafin mutane su taru, ya ce in zo in tsaya a bayansa. Alhaji yana zaune da waya biyu a gabansa, matarsa Hajiya Uwa tana gefe. Inuwa ya durƙusa ya gaida su, ya yi bayani yana in'ina, idonsa a kan darduma.

Alhaji ya kwashe da dariya. "Inuwa, abokan hamayya ne suka aiko ka? Tun ban ci zaɓe ba kake so a ce na fara rowa? Gobe ka ji a rediyo, wai a gidan Bala baƙo ne ke zuba wa kansa."

"Ranka ya daɗe, ba rage abincin za a yi ba."

"To me ya kawo maganar? Shekara nawa ana yin haka a gidan nan?"

Inuwa ya miƙe ƙafar, ya fara warware bandejin a hankali. Hajiya ta kau da kai tana salati. Wayar Alhaji ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta.

"Irin na Malam Lawan ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Duk abin da ya dawo daga falon nan cikinsa yake tafiya. Yanzu kuma cikina."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. "Shekara ashirin mutumin nan yana ciyar da ni," ya ce da Hajiya, "ban taɓa tambayar me shi yake ci ba." Ya juyo. "Je ka yi yadda ka ce. Amma duk wanda ya ce na yi rowa, kai zan turo wa."

Ranar farko wani dattijon jam'iyya daga Gawuna ya tsaya a gaban kwanukan ya riƙe ƙugu. "Alhaji, yau kuma otal muka zo?" Alhaji ya tashi da kansa ya ɗauki faranti ya fara ɗiba, sai kowa ya bi layi. Kafin sati ya zagayo sun saba, har sun fi so, don mai son ƙashi ya ɗauki ƙashi, mai gudun mai ya tsallake. Lemon kwalba aka rage, Inuwa ya koma haɗa zoɓo da citta da kanumfari, kowa ya tsiyaya daidai shansa.

Abin da ba zan manta ba shi ne la'asar ɗin farko da ya ɗauki tire ya nufi get yana ɗingishi. Ya dire shi a kan tabarma ya ce, "Bisimilla, jama'a, babu wanda ya sa hannu a ciki." Direbobi suka matso. Ya tsaya yana kallonsu suna ci, fuskarsa ta yi wani haske da rabon da in gani tun muna yara. A nan na gane cewa shi ba cin yake so ba. So yake ya ga abincin ya shiga cikin mai buƙata.

'Yan guntayen da ke dawowa a faranti kuwa, Baba maigadi ya ce a ba agwaginsa, ai su ma bayin Allah ne.

Nasa cin ma Mama ta tsara masa. Ya ci kafin baƙi su ci, a zaune, a farantinsa na kansa, sau uku a rana, ba a tsaye a bakin tukunya ba. Rabin farantin ganye ne, zogale ko rama ko alayyahu, sai wake ko kifi, sai malmalar tuwon dawa wadda ba ta fi dunƙulen hannunsa ba. Ta aika Zariya ƙanwarta ta aiko masa da acca. Kwanakin farko ya yi ta mita.

"Mama, wannan ai akuya ma sai ta nemi ƙari."

"Kai ba kuku ba ne? In abincin bai yi daɗi ba, laifin akuya ne ko na mai dafawa?"

Maganar ta sosa masa rai, don a duniya babu abin da ya tsana kamar a taɓa masa girki. Ya shiga kicin da fushi. Ya kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan lemon tsami. Ya yi faten acca da yakuwa da busasshen kifi, ƙamshinsa ya tsallaka katanga. Alhaji ya shigo wucewa ya ɗanɗana, washegari ya ce a sa a cikin kwanukan falo. Har dattijon Gawuna sai da ya tambaya ko za a ƙulla masa a leda ya kai gida.

Ba zan ce bai taɓa zamewa ba. A sati na huɗu wata rana ya cinye ragowar soyayyar taliya, bai ma san ya yi ba sai da ya ga farantin fayau a hannunsa. Irin mutumin da yake, na ji tsoron zai ce komai ya lalace ya watsar. Da kansa ya je ya gaya wa Mama, kansa a ƙasa. Ta ce, "To, jiya ka ci. Yau fa?" Ya ce yau bai ci ba. Ta ce to miƙo ƙafa.

Ana saura kwana biyar zaɓe aka yi babban taro a gidan, mutum ya fi ɗari biyu. Wani babban baƙo ya tula wa kansa shinkafa da rabin kaza, ya ci cokali biyu, aka kira shi a waya ya tashi ya fita. Farantin ya dawo kicin yana tururi. Ina tsaye a ƙofa. Inuwa ya karɓa ya riƙe da hannu biyu. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ga leɓensa ya fara bisimilla. Ban yi magana ba, don na san wannan ba tawa ba ce. Ya tsaya har na ƙirga numfashina goma. Sannan ya juya ya fita ta ƙofar baya, ya wuce igiyar shanya, ya isa wurin agwagi. Ya ƙarasa bisimillar a can, ya juye musu. Ya tsaya sai da suka tsince ƙwayar ƙarshe. Ya dawo ya wanke hannu, ya sha ruwa kofi guda, ya ce da ni, "Matsa, kana tare mini hanya."

Washegari sati shida suka cika. A asibiti na kasa zama, na jingina da bango. Likita ya warware bandejin. Ciwon ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, gefensa ya yi ja mai kyau, baƙin ya tafi. Ya latsa kusa da wurin, Inuwa ya janye ƙafar da sauri.

"Da zafi?"

"Da zafi, likita."

"Madalla. Zafin nan shi muke nema. Wa ke wanke maka?"

"Wata Bazazzagiya ce mai faɗa."

"Ka riƙe ta da kyau." Ya duba takardar gwajin jini, ya gyaɗa kai. "Babu abin da za mu yanke. Amma ka sani, ciwon sukari ba ya tafiya, zama za ku yi da shi. Maganinka da irin cin nan, har ƙarshen rayuwa."

Inuwa ya sauko daga gadon ya yi sujada a kan simintin ɗakin, a gaban likita da nas.

Da muka fito na hau babur na kasa tayar da shi. Idona ya rufe da ruwa. Murna ce, amma da Baba a cikinta. Inuwa ya dafa kafaɗata ya ce in koma baya, ai shi ya koya mini tuƙi. Ya buga ya tashi. Muka hau titi, iska tana kaɗa rigarsa tana dukan fuskata, ni kuwa idona yana ƙasa, ina kallon ƙafarsa ta hagu tana taka giya, ɗaya, biyu, uku. Bai tsaya a gidanmu ba. Ya wuce ƙofar Mama ya danna hon har sai da ta fito da zani a kafaɗa. Ta tsaya ta sa tabarau, ta kalli ƙasa, ta nuna da yatsa.

"Ɗaya, biyu. To, Bakano, ka ci riba. Mun gode wa Allah." Ta goge ido da bakin zani. "Gobe ƙarfe bakwai ka zo, ban sallame ka ba."

Alhaji Bala bai ci zaɓe ba. Motoci suka watse, layin ya koma shiru. Amma ba a sake zuba wa kowa abinci a kicin ɗin gidan ba. Yau shekara uku ke nan, Yaya Inuwa yana nan da ƙafafunsa biyu, kullum bayan sallar asuba yana zaga unguwar a ƙasa kafin ya kunna murhu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da mutum yake ci yana bin halinsa ne, kuma ba kullum mugun hali ke kashe mutum ba, wani lokaci kyakkyawan hali ne da aka ajiye inda bai dace ba. Tausayin abinci da gudun almubazzaranci abu ne mai kyau, amma jikinka ma amana ne, cusa masa abin da ba ya buƙata shi ma ɓarna ce. Wanda ke son gyara cinsa kada ya tsaya ga rantsuwa da horon kai na kwana goma. Ya zauna ya gano me ke tura hannunsa zuwa faranti, kunya ce, ko tsoro, ko wani tsohon ciwo da ke zuciya, sannan ya sauya tsarin da ke kewaye da shi yadda halin nasa zai taimake shi maimakon ya cutar da shi. Ya je asibiti da wuri, ya karɓi gaskiya daga bakin duk wanda ya faɗe ta, in ya zame ya tashi ya ci gaba. Wanda kuma yake da masu yi masa hidima, ya riƙa tambayar me suke ci tun suna da ƙafar tsayawa a gabansa.